Batir a ƙofar gida, kwalli a ɗaka: yadda dalma ta shiga jinin wani yaro a Jos

Yaron da wannan bayani ya shafa yana da shekara biyu da 'yan watanni lokacin da aka gano abin da ke damunsa. Shi ne na uku a wurin mahaifiyarsa, kuma a lokacin tana ɗauke da wani cikin. Suna zaune a gidan haya a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Jos ta Arewa, irin gidajen nan masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mahaifinsa mai gyaran batir ne. Shagonsa na jikin gidan, babbar ƙofa na kallon titi, wata ƙarama kuma na buɗewa cikin zaure. Kakar yaron ta wajen uba tana zaune tare da su. Ni ma'aikaciyar lafiya ce mai bibiyar yara a gidajensu bayan sun ga likita, ta nan na shiga lamarin. Na sakaya sunayensu da sunan unguwar.

Babu wani abu a jikin yaron da zai sa uwa ta saɓe shi a guje zuwa asibiti. Ya rage cin abinci, ya zama mai yawan rigima, bayan gida sai ya kwana biyu uku bai yi ba, in zai yi kuma sai da kuka. Yakan dafe ciki ya duƙa. 'Yan kalmomin da ya fara kamawa suka tsaya cik, har wasu suka ɓace daga bakinsa. An je kemis an karɓo maganin maleriya, an koma an karɓo na tsutsar ciki. Kakarsa ta ce turame ne ke fito masa. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, aka yi jiƙo. Da aka kai shi asibiti aka ga tafin hannunsa da ƙasan idonsa sun yi fari, gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa, aka rubuta maganin ƙarin jini aka ce su dawo.

Ban ga laifin kowa a nan ba. Gubar dalma ba ta da alamar da za a ce tata ce ita kaɗai, duk abin da take kawowa akwai wata cuta ta yau da kullum da ke kawo irinsa. Yawancin yaran da ke ɗauke da ita ma ba sa nuna komai, suna wasa suna dariya tana yi wa ƙwaƙwalwarsu ɓarna. Sai ta yi yawa ƙwarai ake ganin amai da jijjiga da suma.

A komawarsu ne wata likita, ganin jinin bai ɗago yadda ta yi zato ba, ta tambayi uwar sana'ar maigidanta. Ta ce batir yake gyarawa. A ina? A gida, shagonsa na ƙofar gida. Yaron yana zuwa wurinsa? Uwar ta yi murmushi ta ce, "Ai likita, ba ya rabuwa da babansa."

Gwaji da maganar magani

Ba kowane asibiti ke auna dalma a jini ba. Sai da aka nemi ɗakin gwaji mai zaman kansa, kuɗin kuma daga aljihun uban ya fito. An ɗebi jinin daga jijiyar hannu, domin ƙurar dalmar da ke maƙale a fatar ɗan yatsa kan sa sakamako ya hau fiye da gaskiya. Da maikirogiram a kowace desilita ta jini ake yin awon. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, duk wanda awonsa ya kai 5 sai a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. A shekarar ce kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da nata ma'aunin zuwa 3.5. Babu wani adadi da aka sani wanda ba ya cutar da yaro. Na wannan yaro ya ninka 5 ɗin nan sau da dama, amma bai kai 45 ba.

Tambayar farko da uban ya yi mini ita ce, "To Malama, wane magani za a ba shi ya fitar da ita?" Tambaya ce ta uba mai son ɗansa, amsarta kuwa ba ta yi masa daɗi ba. Akwai magungunan da ke kama dalma a jini su fita da ita ta fitsari, kamar wanda likitoci ke kira DMSA, amma a ƙa'ida sai awon yaro ya kai 45 ko dab da haka ake ba da su, ƙarƙashin kulawar likita. An yi wani babban gwaji a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2001, inda aka bi yara 780 masu awo tsakanin 20 da 44. Waɗanda aka ba maganin awonsu ya sauka da sauri, amma bayan shekara uku da aka gwada basirarsu da ɗabi'unsu, ba su fi waɗanda ba a ba ba. Ko ga wanda ya cancanci maganin, in aka mayar da shi cikin ƙurar da ya fito, ɗiban ruwa ne da kwando. Zamfara ta nuna haka. A 2010 aƙalla yara 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara yi wa yaran Bagega, wani gari a can Zamfara, magani ba sai a 2013, bayan an fara kankare gurɓatacciyar ƙasar garin ana zuba sabuwa. Haka abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, inda aka rasa yara 28.

Saboda haka aikin ya koma gida.

Shago da zaure

In ka fasa batirin mota ko na sola, abin da za ka tarar faranti ne na dalma a jere cikin ruwan asid. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa. Da yake yanzu kusan kowane layi akwai mai sola ko mai inbata, ga kuma motocin haya da keke, aiki bai taɓa yanke wa wannan mutum ba. Yana caji, yana ƙara ruwa, yana gyara kan batir da ya cinye, waɗanda suka mutu murus kuma ya fasa ya ware dalmar ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Na zauna a kan benci na kalli yadda yake sabunta kan batir. Ya sa guntayen dalma a wani tsohon ludayin ƙarfe ya ɗora a kan gawayi. Dalma na narkewa a zafi digiri 327, garwashin kurfoti ya ishe ta. Da ta narke sai wani datti mai ruwan toka ya taso sama, ya sa tsinken ƙarfe ya kwashe ya yarfar a ƙasa, sannan ya tsiyaya sauran a ɗan mazubin da ya kafa a kan batirin. Minti kaɗan aiki ya yi kyau, mai mota ya biya ya tafi. Ƙasan shagon ba a daɓe ba. Wancan dattin da ya yarfar, da baƙin taɓon da ke kwance a gindin kowane batir da aka fasa, a nan suke bushewa su zama gari. Farantan da ya ware kuwa a zaure ake jibge su kafin mai saye ya zo, hanyar da kowa a gidan ke takawa ya shiga ciki da takalminsa.

Wanda ya san hunturun Jos ya san abin da wutar gawayi take nufi da safe a Disamba da Janairu. Yaran gidan nan, nasa da na sauran 'yan haya, kewaye kurfotin suke yi suna jin ɗumi yayin da ludayin ke kai. Mai shayi na kusa, uban zai sayo shayi da burodi, ya ɗora ɗan a cinya, ya gutsura masa da hannun da ya gama aiki da shi. Da yamma rigar aiki na rataye a ƙusa a ɗakin da yara ke kwana, ranar wanki kuma a baho ɗaya ake jiƙa ta da kayansu, uwa mai ciki ce ke wankewa. Cikin tarkacen wasan yaron a ƙarƙashin gado uwar ta zaro mini wani ɗan dunƙule mai nauyi, tsohon kan batir ne da ya ɗauko daga shago. Dalma ƙarfe ne mai laushi. Shatin haƙoransa na nan a jiki, a fili.

Uban ya ce, "Malama, tun ina yaro nake wannan aiki, ga ni lafiyata lau." Haka kusan kowane mai wannan sana'a ke faɗa, kuma ba ƙarya yake yi ba a yadda yake ji. Amma ƙaramin yaro jikinsa na tsotse dalmar da ya haɗiya har ninki huɗu zuwa biyar na babban mutum, ga shi yana rarrafe da zama a ƙasa, komai ya samu sai baki, ƙwaƙwalwarsa kuma yanzu take ginuwa. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ko cikinsa ba komai ya fi tsotse ta. Shi ma babban ba tsira ya yi ba, dalma na taruwa a ƙashi shekara da shekaru, tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Na ba shi labarin wata unguwa a bakin birnin Dakar na Sanagal, Thiaroye-sur-Mer, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma ba ma'adinai ake haƙa a can ba, tsofaffin batura ake fasawa a cikin unguwa. Ya yi shiru. Daga baya ya yarda shi ma a auna shi, nasa awon ya hau.

Tandun Inna

Da shagon ne kaɗai, da abin ya zo da sauƙin bayani. Amma tun ranar da na fara ganin yaron na lura idanunsa raɗau suke da kwalli. Kakarsa ce ke sa masa kullum bayan wanka, tun yana jinjiri. Na gaishe ta na roƙi ta nuna mini kwallin. Ta ɗauko tandu na fata da ya sha hannu, ta kuma kwance bakin wani ƙyalle ta nuna mini ragowar dutsen da ba ta niƙa ba. Ɗan ƙarami ne amma da nauyi, yana ƙyalli kamar azurfa, inda ya tsage kuma kusurwoyi ne a miƙe. Wannan dutse shi ne ma'adinin dalma da kansa, irin wanda ake haƙowa a wurare kamar Zurak da ke Wase a nan Filato.

Kwallin gargajiya da yawa daga irin wannan dutse ake niƙa shi. A 2011 an sami wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston na Amurka, ɗan iyayen 'yan Najeriya, da dalma a jininsa. Da aka bi sawu sai aka tarar da kwallin da aka kawo daga gida, aka auna shi aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. A nan Jos ma an daɗe da sani. Wani binciken likitoci da aka buga a 2005 ya auna mutum 275 a mazaɓu biyu na garin nan, ya sami kashi 34 cikin ɗari awonsu ya kai 10 ko ya wuce. Cikin abubuwan da aka ga suna tafiya tare da hawan awon akwai ƙarancin shekaru, da fentin gida mai ɓanɓarewa, da zama kusa da mai sayar da fetur, da kwallin dutse. Na fetur an rabu da shi, tun farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sa masa dalma. Kwalli kuwa yana nan a kasuwa a buɗe, babu takarda a jikinsa, babu mai tambaya. Tun 2005 wannan sani yake kwance a mujallar likitoci, bai kai kunnen tsohuwar da ke riƙe da tandu ba, kuma wannan abu yana ci mini rai.

Ba ta cikin ƙwayar ido dalmar kwallin take yawan shiga jiki ba. Yaro ne ke murza ido ya kai yatsa baki, hawaye kuma na gangarawa da garin ta 'yar hanyar da ta haɗa ido da hanci ya haɗiye.

Da na yi mata bayani ranta ya ɓaci, kuma na fahimce ta. Ta ce, "'Yar nan, da wannan kwalli na raini ubansa da 'yan uwansa duka. Yau kuma ni ce zan cuci maigidana?" Jikan take nufi. Na ce, "Inna, babu wanda ya ce kin cuce shi. Abin da kika gada kika yi masa, don idonsa ya yi haske. Dutsen ne ke da abin da ba a gani." Ta ce ai sa kwalli sunna ne. A nan ban ja da ita ba, don ba fagena ba ne. Ɗanta ya kai maganar wurin limamin masallacin layinsu, wanda ya zo da kansa ya gaishe ta. Ya ce mata hadisi ya yabi kwallin ismid, amma ba duk dutsen da aka niƙa a kasuwa ne shi ba, kuma addini ya kafa ƙa'idar babu cuta babu cutarwa, abin da aka tabbatar yana cutar da yaro barinsa ake yi. Ba a ranar ta sauko ba. Bayan 'yan kwanaki ta kira surukarta ta miƙa mata tandun da ƙyallen ta ce a kai wa malamar asibiti. Da an shigo mata da faɗa, ko an ɗauke tandun a bayan idonta, na tabbata da ta sayo wani washegari.

Abin da aka iya yi

Ba a ce wa uban ya bar sana'arsa ba. Da ita yake ciyar da mutum bakwai, kuma shawarar da ba za a iya bi ba ɓata baki ce. An raba aikin gida biyu. Caji da ƙara ruwa suka zauna a shagon. Fasa batir ya daina gaba ɗaya, yana sayar da matattun a rufe yadda suke, duk da ribar ta ragu. Narka dalma kuma ya mayar da ita can garejin wani abokinsa, nesa da gidajen kwana. Nan ne aka kai ruwa rana, domin gyaran kai shi ne aikin da ke kawo kuɗi nan take, mai mota kuma ba ya son a ce masa ya jira. An toshe ƙofar da ke shiga zaure da bulo. Rigar aiki da takalmi suka koma kwana a shago, shi yake wanke abinsa a bokiti daban, kuma ba ya ɗaukar yaro sai ya wanke hannu da fuska da sabulu ya sauya kaya. Aka hana yara shiga shagon, har da na maƙwabta.

An jiƙa ƙasan shagon da na zaure, aka kankare saman aka ɗure a buhuna aka fitar, sannan aka daɓe da siminti. A cikin ɗaki an ajiye tsintsiya, domin sharar busasshiyar ƙasa tayar da ƙurar take yi ta sake sauka a kan tabarma da kwanuka. Sai guga da jiƙaƙƙen tsumma. An wanke katifa da labule da kayan wasa, wasu aka zubar. Tsohon fentin mai da ke ɓanɓarewa a ƙofa da taga an goge shi a jiƙe aka shafe da sabo, yara ba sa nan. Wanke wa yaro hannu kafin cin abinci da kafin barci ya zama dole.

Ta fannin abinci an ci gaba da maganin ƙarin jini, aka ƙara masa wake da ƙwai da zogale da alayyafo da ɗan kifi da nono, da lemo ko tumatir a kai, kuma ba a barinsa ya fita wasa da safe da yunwa. Abinci ba ya fitar da dalma, yana dai rage yawan wadda hanji ke tsotsa.

Uwar ce ta fi tayar mini da hankali. Dalmar da ta taru a ƙashin mace tana kwancewa ta koma jini lokacin ciki, ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. An auna ta, nata ma ya wuce 5. Likitar awon ciki ta sa ta a kan kalsiyam tana kuma bin hawan jininta. Ta haihu lafiya, mace, an ce ta ci gaba da shayarwa, kuma ba a sa wa jaririyar kwalli ba ko ranar suna, duk da 'yan barka sun yi ta tambaya.

Inda aka tsaya

Da aka sake auna yaron bayan wasu watanni awonsa ya sauka, amma har yanzu yana sama da 5. Haka ake tsammani, don ƙashi na ci gaba da sakin abin da ya tara a hankali, ga yaron da ya daɗe yana shaƙa da haɗiya kuwa saukar kan ɗauki lokaci mai tsawo. Cin abincinsa ya dawo, cikin ya daina ciwo, magana ta fara zuwa duk da yana bayan sa'o'insa. Na gaya wa iyayen gaskiya cewa abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwa babu maganin da ke mayar da shi, amma yawan yi wa yaro magana da wasa da shi da sa shi makaranta da wuri suna taimaka masa ƙwarai, kuma in ya shiga aji a sa ido a kan karatunsa kada a yi masa kallon daƙiƙi.

Yayyensa biyu an auna su, nasu bai kai nasa ba. Sauran yaran gidan, waɗanda suka sha ɗumin wuta ɗaya da shi, ba a auna ko ɗaya ba, iyayensu sun ce ba su da kuɗin gwaji ga yaran da ba su kwanta ciwo ba. Ba zan zarge su ba. Rahoton 2020 na UNICEF da ƙungiyar Pure Earth mai yaƙi da gurɓatar muhalli ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kusan miliyan 800, awonsa ya kai 5 ko ya wuce, amma a garin da ke da masu gyaran batir a kowace unguwa, uwa ba za ta shiga asibitin sha-ka-tafi na kusa da ita a auna mata ɗa ba. A ganina tambayar sana'ar uba da tambayar kwalli ya kamata su shiga cikin abin da ake tambayar kowace uwa ranar rigakafi, tunda ba sa cin ko kwabo.

Tsakar gidan har yanzu ƙasa ce, kuma shekaru ana tako ƙurar shago ana shigowa da ita. Mai gidan ya ce ba zai daɓe ba sai 'yan haya sun haɗa rabin kuɗin siminti, ɗaki biyu sun yarda, sauran sun ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Mai unguwa ya sa baki, an ce za a zauna bayan damina. A layin kuma akwai wasu shagunan batir biyu, ɗaya yana jikin gidan da ake karatun allo.